Yawo a ƙafa da ƙananan yara a birnin Venis: zai yiwu?

"Assalamu alaikum Anti. Maigidana zai je taron aiki a Italiya cikin watan Afrilu, ya ce mu tafi tare, in ya gama mu yi kwana 3 a Venis kafin mu dawo. Yaranmu uku ne: babban shekararsa 7, mai bi masa 4, sai auta mai wata 18. Na ji an ce garin babu mota, ko'ina ruwa ne, komai a ƙafa ake yi. Fargabata kada yaro ya faɗa ruwa, kuma na rasa ko in tafi da keken tura yara ko in bar shi. Anya tafiyar nan za ta yiwu, ko in bar su wurin kakarsu?"

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya mana su, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. In na fahimce ki, abu biyu ke damun ki. Na farko, ko garin da titunansa ruwa ne ba zai zama haɗari ga yaran da ba su gama sanin ciwon kansu ba. Na biyu, yadda za ki ɗauki mai wata 18, ki kuma ja mai shekara 4, wuni guda a ƙafa. Na daɗe ina zaune a Mestre, ɓangaren Venis da ke kan tudu, a nan na yi renon 'ya'yana, kuma na sha raka iyalai da suka zo daga gida su ga tsohon garin. Shawarata ita ce ki tafi da su. Sai dai lissafin tafiyar ne za ki sauya tun daga gida, domin a Venis yawan gadojin da za a haura ne ma'aunin tafiya, nisa kuwa daga baya yake zuwa.

Bari in fara da yadda garin yake. An gina shi ne a kan ƙananan tsibirai sama da 100 a cikin wani tafki mai haɗe da teku. Magina na da sun kakkafa turakun itace cikin laka, suka ɗora dutse, suka tayar da gidaje a kai. Tsakanin tsibiri da tsibiri hanyar ruwa ce, sai aka haɗa su da gadoji sama da 400. Mota da jirgin ƙasa suna shigowa ta wata doguwar gada mai kusan kilomita 4, mota ta tsaya a Piazzale Roma, jirgin ƙasa ya tsaya a tashar Santa Lucia. Daga nan an gama da taya. Ko keke an hana hawa a cikin gari. Masu ɗaukar marasa lafiya, 'yan kwana-kwana, masu kwasar shara, masu kai burodi kanti, kowa a jirgin ruwa yake aikinsa. Wannan kaɗai abin kallo ne ga yaro, kuma wata ni'ima ce ga uwa: wuni guda ba za ki waiga ki ga babur ko mota ta nufo ɗanki ba.

Gada da goyo

Gadojin Venis masu doro ne, don jiragen ruwa su samu wucewa ta ƙarƙashi. Ma'ana kowacce sai an hau matakala an sauka matakala. Wayarki za ta ce miki wuri kaza tafiyar minti 15 ce, ba za ta gaya miki cewa akwai gada 7 a tsakani ba. Ga babba wannan ba komai ba ne. Ga mai shekara 4 kuwa, gada ta farko wasa ce, ta biyar aiki ce, ta goma sai kuka. Daga tashar jirgin ƙasa zuwa dandalin San Marco babban mutum yakan yi minti 30 zuwa 40. Da yara irin naki ki sa awa ɗaya da rabi a ranki, har da tsayawa kallon kwalekwale da shan ruwa.

A nan ne maganar keken yara ta shigo. Na ga iyalai da yawa sun zo da manyan kekuna masu nauyi, irin masu faffaɗar taya da kwandon kaya a ƙasa, kafin azahar ta ranar farko miji da mata sun daina yi wa juna magana. Kowace gada sai mutum biyu sun kama keken gaba da baya sun ɗaga, kuma lokacin da hannayenku huɗu ke kan keke, babu hannun da ke riƙe da sauran yara biyu, alhali a bakin ruwa kuke. Wannan ne babban dalilin da ya sa nake hana shi, ya fi maganar gajiya muhimmanci.

Abin da ya fi dacewa da Venis kin riga kin iya shi tun kina yarinya, wato goyo. Zani mai ƙwari da majanyi, auta a baya, hannayenki biyu a sake. Da goyo kina haura gada kamar kowa, kina shiga jirgi ba wahala, kina ratsa lungun da mutum biyu ba sa iya jerawa. Sau da yawa tsofaffin matan garin sukan tsaya su yi murmushi su yaba in sun ga na goya yaro, wata ma ta taɓa tsayar da ni a kasuwar Rialto ta ce in nuna mata yadda ake ɗaurin. Ki kuma nemi irin abin goyon nan mai maɗauri a kafaɗa domin maigida ya riƙa karɓar ki, saboda goyon mai wata 18 wuni guda ba ƙaramin aiki ba ne ga ƙugu.

Ban ce keke ba shi da amfani sam ba. Matan Venis da kansu suna amfani da shi, amma ƙarami mara nauyi, mai naɗewa kamar lema, wanda mutum ɗaya zai rataya a kafaɗa. In kina da irinsa ki zo da shi, ki ajiye a masauki, ki fito da shi ranar da za ku bi wuraren da suke shimfiɗe. Akwai Zattere, doguwar gaɓa mai faɗi a kudancin gari, da Riva degli Schiavoni wadda ta tashi daga San Marco ta yi gabas, inda aka ɗora wa wasu gadoji gangare don masu keke. Akwai kuma Via Garibaldi, titi mai faɗi da aka samar bayan an rufe wata hanyar ruwa. Gada ɗaya da nake so ki yi hattara da ita ita ce sabuwar nan ta 2008 da ke tsakanin Piazzale Roma da tashar jirgin ƙasa. Matakalanta ba tsawo ɗaya suke ba, kuma tana da santsi in an yi ruwa. Ki riƙe hannun yara a kanta ko da rana ake ƙwallawa.

Maganar ruwa

Fargabarki tana kan hanya, kuma ba zan rage mata nauyi ba. Amma yana da kyau ki san takamaiman inda haɗarin yake, don kada ki wuni cikin tsoro a inda babu abin tsoro, ki kuma sake jiki a inda ya kamata ki farka. Yawancin tafiyar Venis a cikin lunguna ake yin ta, bango dama bango hagu, ba ki ma ganin ruwa. Gadoji kuma kusan duka suna da makari. Wuraren lura su ne gaɓoɓin da suke bin gefen ruwa, waɗanda suke kira fondamenta, domin da yawa ba su da shinge ko kaɗan. Sai lungunan da suke ƙarewa kai tsaye a ruwa: yaro ya ruga gaba, ya sha kwana, ƙarshen lungun ba bango ba ƙofa, sai matakala biyu da ruwa. Sai kuma tashoshin jirgi, waɗanda a kan ruwa suke suna lilo, da ɗan ramin da ke tsakanin tasha da jirgi lokacin shiga.

Mafi sharri a cikinsu su ne matakalan da suke gangarawa cikin ruwa. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a rana, in ya janye sai ya bar matakalan ƙasa a waje, lulluɓe da koriyar gansakuka mai santsi kamar an zuba karkashi. Ɗana na biyu yana da shekara 5 ya hango ƙaguwa a jikin irin wannan matakala, ina tsaye ina gyara goyo, taku biyu kawai tsakaninmu. Ƙafarsa ta taka koren wurin, sai ganin sa na yi zaune cikin ruwa har ƙugu. Allah ya taimaka na cafko wuyan rigarsa. Ba abin da ya same shi sai ƙujewa a gwiwar hannu, amma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Tun ranar na kafa doka biyu a gidana, kuma duk iyalin da na raka sai na karanta wa yaransu su kafin mu fito daga tasha. Bakin kowace gaɓa an yi masa layi da farin dutse. Doka ta farko, ƙafa ba ta taka farin dutsen bakin ruwa sai hannu yana cikin hannun babba. Ta biyu, duk abin da yake kore ba a taka shi. Yara sun fi riƙe doka mai launi da za su gani da ido a kan "ku yi hankali", wadda ba ta nuna musu komai.

Ƙananan hanyoyin ruwan ba su cika zurfi ba, amma sun fi ƙarfin tsawon yaro, ƙasansu laka ce, bangonsu kuma a miƙe yake ba wurin kamawa. Ruwan ba shi da tsabta, don haka kada ki bari su tsoma hannu, in kuma sun taɓa a wanke da sabulu kafin a ci wani abu. Iyo a ciki laifi ne da ake cin tara a kansa. Ki ajiye lambobin gaggawa a wayarki: 112 ta kowane irin taimako, 118 ta asibiti.

A nawa ganin, ɓacewar yaro cikin cunkoso ta fi kusa da ke a kan faɗawa ruwa. Tsakanin Rialto da San Marco da hantsi, lunguna kan cika har mutum ba ya ganin ƙafarsa, kuma kowane lungu yana da rassa. Yaro ya tsaya kallon abin rufe fuska a tagar kanti na daƙiƙa goma, ku kun sha kwana, shi ke nan. Abin da nake yi shi ne kowace safiya in ɗauki hoton kowane yaro da kayan da ke jikinsa, in sa takarda mai sunansa da lambar wayarmu a aljihunsa, in kuma sa musu riguna masu launi mai ɗaukar ido. Ina nanata musu cewa wanda ya ga bai gan mu ba ya tsaya cak inda yake, mu ne za mu dawo mu same shi. A cikin lungu kuwa tsarin tafiya ɗaya ne: babba a gaba, yara a tsakiya, babba a baya. In mai shekara 4 ɗin nan irin yaran nan ne masu fizge hannu su ruga, kada ki ji kunyar ɗaura masa igiyar hannu da ake sayarwa don haka.

Babban kuma ki ba shi aiki. A jikin bangaye akwai alluna masu ruwan ɗorawa da kibiya, an rubuta Per Rialto, Per S. Marco, Alla Ferrovia, wato hanyar tashar jirgin ƙasa. Ki naɗa shi jagora, shi zai riƙa nemo allon gaba. Taswirar waya takan rikice a cikin matsattsun lunguna, allunan sun fi ta gaskiya. Ƙaninsa kuma ki sa shi ƙirgen zakuna. Zaki mai fukafukai shi ne tambarin garin, yana jikin bango, kan ƙofa, kan tuta, ko'ina. Na taɓa ganin yaron da ya ce ƙafarsa ta gaji ya ƙara tafiyar rabin awa don kawai yana so zakunansa su cika hamsin.

Ki kuma koya musu ladabin hanya. Mazauna tsohon garin sun ragu har sun gaza 50,000 tun 2022, kuma waɗannan lungunan su ne hanyarsu ta zuwa aiki da asibiti da makaranta. A bi dama, kada a jeru a tare hanya, kada a tsaya ɗaukar hoto a tsakiyar ƙaramar gada. In kin ji an ce permesso a bayanki, ana neman hanya ne. In kin ji attenzione, to mai amalanken kaya ne, a manne da bango.

Yadda nake tsara wuni

Abu ɗaya babba da safe, hutu da rana, fili da yamma. San Marco da sassafe ake zuwa, kafin ƙarfe 9, lokacin da dandalin yake fayau yara za su iya gudu. Hasumiyar da ke wurin tana da lifta, ba sai an taka ba, daga sama kuma yara za su ga cewa lallai garin a tsakiyar ruwa yake. Ku tsaya a gaban hasumiyar agogo in awa ta kusa cika, akwai mutum-mutumi biyu na tagulla a can sama da suke dukan ƙararrawa da guduma. Tattabaru suna nan da yawa, amma an hana ba su abinci tun 2008, kuma an hana zama a matakalan dandalin a ci abinci. Ki lura da manyan tsuntsayen teku, sun ƙware wajen fizge abinci daga hannun yaro.

Da azahar ku koma masauki. Wannan hutun shi ne ginshiƙin tafiyar gaba ɗaya, shi ya sa inda za ku sauka yake da muhimmanci. Masauki a Mestre ya fi araha, jirgin ƙasa kuma kamar minti 10 ne, amma komawa da rana a sake dawowa da yamma da yara uku ba ya yiwuwa sau da yawa. In aljihu zai ɗauka, ku nemi wuri a unguwar Cannaregio ko Santa Croce, kusa da tasha. Kafin ku biya ku tambayi mai masaukin abu biyu: gada nawa ce tsakaninsa da tashar jirgin ruwa mafi kusa, kuma hawa na nawa ne, akwai lifta ko babu. Yawancin tsofaffin gidajen ba su da ita. Lambobin gidaje kuma na unguwa ne gaba ɗaya ba na titi ba, sukan kai dubbai, don haka adireshi kaɗai ba zai kai ku ba, ku nemi kwatance. Ku rage akwatuna, domin su ma sai an haura da su gada.

Yamma ita ce lokacin da na fi so, kuma ita ce yawancin baƙi suke asararta. Kowace unguwa tana da filinta, campo suke ce masa. Wajen ƙarfe 4 in an tashi daga makaranta, sai ki ga yaran gari sun cika Campo San Giacomo dell'Orio, ko Campo Santa Margherita, ko Campo San Polo, masu ƙwallo na yi, masu zane da alli a ƙasa na yi, kakanni na zaune a benci suna hira. San Giacomo dell'Orio na fi kai baƙina, saboda yana da bishiyoyi da benci, kuma gidaje sun kewaye shi. Ki sayo ƙaramar ƙwallo da alli, ki samu wuri ki zauna, ki kwance goyo. Yara ba sa buƙatar yare ɗaya kafin su yi wasa tare. Iyalai da dama da na raka, in na tambayi yaransu daga baya abin da suka fi tunawa, wannan yammar suke ambata kafin duk wani gini.

A tsakiyar kusan kowane fili za ki ga bakin rijiya na dutse da aka sassaƙa, an rufe shi da murfin ƙarfe. Ki nuna wa babban, ki ba shi labarinta. Garin yana zaune cikin ruwa amma ruwan gishiri ne, ba a sha. Sai suka haƙa ƙarƙashin filin, suka shafe da yumɓu, suka cika da yashi, ruwan sama ya bi ta ƙananan ramukan da ke daɓen filin, yashi ya tace shi, ya taru a rijiyar. Da haka suka rayu ɗaruruwan shekaru, har aka jawo musu ruwan famfo daga tudu a 1884. Yau akwai famfunan ƙarfe a filaye da yawa suna zuba, ruwansu mai kyau ne ana sha. Ki riƙe gora ki riƙa cikawa.

Jirgin ruwa shi ne hutun ƙafa. Bas ɗin ruwa da suke kira vaporetto yana da tsada in za a sayi tikiti ɗai-ɗai, Yuro 9.50 na minti 75, don haka na yini ko na kwana 2 ko 3 ya fi sauƙi. Yaran da ba su kai shekara 6 ba kyauta suke shiga, kin ga biyu daga cikin naki ba za a biya musu ba. Layi na 1 yana bin babbar hanyar ruwa ta Kanal Grande a hankali yana tsayawa kusan kowace tasha, shi ne yawon kallo mafi araha. Ku shiga daga Piazzale Roma inda yake farawa don ku samu wurin zama. Kwalekwalen gondola kuwa farashin hukuma Yuro 90 ne na rabin awa da rana, yana ɗaukar mutum 5. Da mai wata 18 da ba ya zama wuri ɗaya, ni ba na ba da shawararsa, domin rabin awar za ki yi ta ne kina riƙon yaro. Akwai kwalekwalen fito, traghetto, da ke tsallakar da mutane Kanal Grande a wasu wurare kamar Santa Sofia kusa da kasuwar Rialto, Yuro 2 kowane baƙo, minti biyu zuwa uku. Yara sun ɗanɗana, hankalinki bai tashi ba.

Wurin da ba na so ku rasa

A bakin Kanal Grande akwai wani tsohon gini da ake kira Fondaco dei Turchi. Daga 1621 nan ne masaukin fataken Daular Usmaniyya ta Turkiyya da rumbun hajarsu, yanzu kuma gidan adana tarihin halittu ne. A ɗakin farko za ku tarar da ƙwarangwal ɗin wata dabbar dainaso mai tsawon kusan mita 7, tsaye, da dogayen ƙasusuwa jere a gadon bayanta. Sunanta Ouranosaurus nigeriensis, kuma kamar yadda ƙarshen sunan ya nuna, daga Nijar aka tono ta, a Gadufawa cikin hamadar Tenere ta yankin Agadas, a wata tafiyar bincike ta 1973 da Giancarlo Ligabue, ɗan Venis, ya shirya tare da masanin Faransa Philippe Taquet. Kusa da ita akwai ƙasusuwan wani ƙaton kada na zamanin da daga wuri guda. Ranar da na fara kai 'ya'yana, babbar ta karanta allon ta juyo ta ce, "Umma, ashe 'yar ƙasarmu ce." Ta daɗe tsaye a gabanta. Gidan ba ya cika da jama'a, yana da tsakar gida da banɗaki, kuma tafiyar 'yan mintuna ce daga San Giacomo dell'Orio, sai ki haɗa su rana ɗaya. Ana rufe shi ranar Litinin.

In kun bi ta arewacin Cannaregio, ku leƙa Campo dei Mori, inda aka sassaƙa wasu fatake masu rawani a jikin bango, ɗaya da hancin ƙarfe. A bayan gidan, ta gefen ruwa, akwai hoton raƙumi da kayansa a jikin dutse.

Tsibiran waje kuwa, a kwana 3 ɗaya ya isa. Murano ya fi kusa, can aka mayar da maƙeran gilashi tun 1291 saboda tsoron gobara, kuma yara suna son ganin yadda ake hura narkakken gilashi ya zama doki. Burano mai gidaje kala-kala tana da kyau, amma kusan minti 45 ce a jirgi, sau da yawa a tsaye cikin cunkoso. Da auta a baya, ki bar ta sai wani zuwan.

Abinci, salla da banɗaki

Naman alade yana shiga abubuwa da yawa a nan, ki riƙe kalmomin prosciutto, salame, pancetta da strutto, wanda kitsensa ne da ake sa wa wasu burodi. Ana kuma dafa wasu abinci da giya, ki tambaya senza vino, senza maiale, wato ba giya ba alade. Fiza margherita, taliya da miyar tumatir, da soyayyen kifi sun wadatar da yara. Akwai kantunan Coop da Conad da Despar a cikin gari don madara, 'ya'yan itace da famfas. Gidan abinci yakan ƙara kuɗin zama a kan kowane mutum, coperto, ki duba kafin ku zauna. Masallatai suna ɓangaren Mestre da Marghera, a tsohon gari kuwa masauki ne wurin sallarku, wani dalilin ke nan na komawa da azahar. Banɗakin gwamnati kaɗan ne kuma ana biya, kusan Yuro 1.50. Dabarar ita ce duk inda kuka zauna shan shayi ko askirim, kowane yaro ya shiga kafin a tashi, ko ya ce ba ya ji.

Afrilu lokaci ne mai kyau, ba zafin Yuli da sauronsa, sai dai a zo da rigar sanyi da ta ruwa. Ambaliyar da ake nunawa a talabijin, acqua alta, ta fi zuwa daga Oktoba zuwa Disamba, kamar ta 12 ga Nuwamba 2019 da ta kai santimita 187, kuma tun Oktoba 2020 akwai ƙofofin da ake tayarwa a bakin teku su tare manyanta. Abin da ya shafe ku a Afrilu shi ne kuɗin shiga gari da aka fara karɓa a 2024 daga masu zuwa su koma a rana ɗaya, a wasu keɓaɓɓun ranaku. Yara 'yan ƙasa da shekara 14 ba sa biya, masu kwana a masaukin garin ma haka, amma su masu kwanan ana so su yi rajista ta intanet su karɓi shaida. Ranakun da farashin duka suna sauyawa shekara-shekara, har da na jiragen da na ambata, don haka maigida ya duba shafin hukumar birnin kafin ku taso.

Duk abin da na faɗa na gina shi ne a kan cewa ku biyu ne manya a kan yara uku. Ke kika san halin 'ya'yanki, kuma in akwai mai wata lalura ta lafiya a cikinsu, likitansa ne zai yanke hukunci kafin ni. In kuma ya kasance aiki ya riƙe maigida wata rana kika zama ke kaɗai, kada ki shiga cunkoson Rialto da San Marco ranar. Ki ɗauki vaporetto zuwa Sant'Elena a ƙarshen gabashin gari. Akwai lambu mai faɗi da itatuwa da lilo da ciyawa, jama'a kaɗan ne, kina zaune kina ganin su duka ukun. Ki tafi da abincinku da tabarma ƙarama, ku wuni a can har ya taso daga aiki ya same ku.